Ki Cire Ledar Tagar Nan, Zulai

Assalamu alaikum.

Zulai, ɗiyata, ina gaishe ki da gajiyar hanya, ke da ɗan maigidana da ke goye a bayanki. Allah ya sa kun sauka Rogo lafiya, ya sa kun tarar da mutanen gida lafiya. Na sa wannan takarda a ƙarƙashin murfin kwallar da na zuba miki yajin jego, don na san nan za ki fara buɗewa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya. Ki bari sai yaro ya yi barci ki zauna ki karanta har ƙarshe. Kada ki tsallake ko'ina.

Ranar da aka kai Babanku, bayan la'asar, mata sun cika gida har tabarmi suka ƙare. Akwai wata sabuwa da yake ajiye wa baƙi, ba wanda ya san inda take sai ni, don haka na tashi na shiga ɗakinsa. Na durƙusa na miƙa hannu ƙarƙashin gado, sai hannuna ya taɓa gashi. Kyanwarsa ce, mai farin wuyan nan da ke bin sa har bakin zaure in zai tafi shago. Ta sandare. Babu jini, babu rauni, ta naɗe jikinta kamar mai barci. Daga tsakar gida ina jin wata tana cewa ai hawan jini ne, haka yake ɗauke mutum cikin barci. Ni kuwa ina durƙushe, ina kallon kyanwar, ina kallon kaskon wuta da tokarsa a tsakiyar ɗaki. Kyanwa ba ta da hawan jini, Zulai. Abu ɗaya ne ya ɗauke su su biyu a ɗaki ɗaya, kuma da hannuna na shigar da shi.

Na jawo tabarmar na fito na miƙa. Ban ce wa kowa komai ba. Da gida ya yi sauƙi na naɗe kyanwar a tsohon buhu na binne ta a bayan turken awaki.

Na san ajali na Allah ne. Ba na jayayya da wannan, kuma ba na so ki karanta takardar nan ki zauna kina kuka har nono ya ɗauke. Amma Allah da ya rubuta ajali shi ya ba mu ido da hankali. Shekara guda ke nan ina riƙe da maganar nan. Kwana arba'in kina gabana, kullum ina cewa yau zan faɗa miki, in na buɗe baki sai in ce ki sha kunu tun da zafinsa. Yanzu kin tafi da jariri cikin tsakiyar ɗari, zuwa ɗakin da na sani, ga shi ba na iya barci. Shi ya sa na rubuta.

Bari in ɗauko miki daga farko.

Kin tuna shekarar da Yayanku ya gyara wa Babanku ɗaki. Aka yi filasta, aka buga silin, aka cire tsohuwar ƙofar katako aka sa ta ƙarfe, aka sa taga mai gilashi. Duk wanda ya shigo sai ya sa albarka. Da sanyi ya shigo kuma sai ga shi daga Kano da kwali a hannu. Rum-hita ce, 'yar ƙarama, mai sanduna biyu da ke yin ja in an kunna. Babanku ya zagaya ta yana dubawa ta saman tabarau, ya ce, "Wannan kuma me take ci?"

Yayanku ya ce, "Wutar lantarki, Baba."

Ya ce, "To, ta zo garin da za ta sha azumi."

Tun daga ranar ya sa mata suna 'yar Kano. In an kawo wuta sai in ji shi daga ɗaki, "Hajara, an kawo. Zo ki tashi 'yar Kano ta yi buɗa-baki."

Gaskiyarta zan faɗa miki, don na ji mijinki ya sayi irinta. Ta yi mana amfani. Kin san sanyin da ke tasowa daga wajen dam, kin kuma san ƙirjin Babanku ba ya son sa. Ba ta ɗumama gida duka, ɗaki ɗaya take ɗumamawa, kuma ai a ɗaki ɗaya mutum yake zaune. In ka kunna ta kafin ka gama cin tuwo ɗaki ya yi daɗi, sai ka kashe. A shekarar nan gawayin da muka saba ƙararwa kafin ɗari ya fita sai da ya kai mu bazara. Ba toka, ba tari, ba ƙaurin hayaƙi a kayan mutane da yake kawowa gida ya ƙarasa ɗinki. Ita ba ta cuce mu ba. Ni ce ban iya zama da ita ba.

Soket ɗin ɗakin yana can bayan ƙofa, gado yana nan. Ranar kasuwa na je na sayo doguwar waya mai bakuna uku, na zaɓi wadda ta fi arha. Mai sayarwa ya ce, "Hajiya, wannan ko injin niƙa kika jona mata za ta ɗauka." Na jona hita, na jona rediyo, na jona cajin wayarsa, duk a jikinta, na kuma tura ta ƙarƙashin ledar ɗaki don kada ya yi tuntuɓe. Wata rana ina jin ƙaurin roba, har ina zagin maƙwabta a raina cewa sun ƙona shara da yamma. Babanku ne ya ɗaga ledar ɗakin. Wayar ta yi laushi kamar alewa, ledar ta narke ta manne mata. Ya dube ni ya ce, "Injin niƙan naki ya kusa niƙe mu."

Don haka ki ji ni. Ki jona hitarku a jikin bango kai tsaye, ita kaɗai. In wayarta ba ta kai inda kike so ba, ke ki matsa, kada ki ƙara mata wata. Lokaci lokaci ki taɓa kan filogin da bayan hannu. In kin ji zafi ki kashe ki cire, ki sa mijinki ya kira mai gyaran wuta. Arhar da na bi ranar nan ta kusa cin ɗakin da Yayanku ya yi shekara yana tara kuɗinsa.

Wannan bai ishe ni darasi ba. Bayan 'yan makonni Babanku ya kawo rigar wani mutum, farar shadda ta ɗaurin aure, ya ce in goge masa zanen alli da ɗanyen tsumma in shanya. Muna zaune da hita a kunne aka ɗauke wuta. Da sandunan suka yi baƙi sai na manta da ita, kamar ta mutu ke nan. Na rataya rigar a bayan kujera, daidai gabanta, na ce in an kawo wuta da daddare sai in kunna ta busar. Ban tuna cewa ban kashe ba. Na yafa mayafi na shiga barka gida na uku da mu. Ina can ana hira na ga ƙwan ɗakinsu ya kama, ban kawo komai a raina ba. Sai da na dawo na tarar da hayaƙi yana fita ta ƙasan ƙofa. Gaban rigar ya cinye, katifar kujera ta fara ci. Da bokitin wanke-wanke na kashe, bayan na fizge filogin, wanda Allah ne kawai ya sa na tuna in fara yi.

Babanku bai yi mini faɗa ba. Ya ɗaga rigar ya leƙo ni ta cikin hudar, ya ce, "Allah ya taƙaita." Ya je ya ba mai riga haƙuri, ya saya masa wata. Mutumin bai sake kawo masa ɗinki ba har Babanku ya rasu.

Zulai, a garuruwanmu wuta ba ta sallama in za ta dawo. Duk lokacin da aka ɗauke, kafin ki nemi fitila, kafin ki ce komai, ki fara cire filogin hita. Kada ki shanya komai a kanta ko a gabanta, ko da 'yar safar yaro ce. Na san yadda kayan jariri ke ƙin bushewa da ɗari, na san za ki ji kwaɗayin yi. Ki shanya a rana ki jira. Ki nisanta ta da gidan sauro, da labule, da bakin katifa. Ki ajiye ta a ƙasa a kan siminti, ba a kan kujera ko kwali ba. Kada ki taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, kada ki kai ta inda kike yi wa yaro wanka. In za ki fita ko da bakin ƙofa ne, ki kashe. In za ku kwanta, ki kashe.

Yanzu na zo kan maganar da ta sa na rubuta.

Bayan ƙonewar rigar nan tsoro ya shige ni. Ga kuma mutanen gidan da muke raba kuɗin wuta da su sun fara magana, wai tun da muka kawo abin nan kuɗi ya ƙaru. Sai na mayar da ita kwalinta na ɗora a kan sif. Laifin nawa ne, amma ita na hukunta. Babanku ya tambaya sau ɗaya, "Ina 'yar Kano?" Na ce ta tafi ganin gida. Ya yi dariya, bai sake tambaya ba, don ya ga ban son maganar.

Na koma wa kasko, abin da na tashi na sani. A Yola, a gidanmu, Innata haka take yi duk ɗari. Za ta hura gawayi a tsakar gida, ta yi ta fifita har hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja tas, sannan ta barbaɗa masa toka kaɗan ta shiga da shi. Ta koya mini cewa hayaƙi shi ne mugu, in hayaƙi ya fita, saura lafiya ce. A kan wannan muka tashi mu duka, ba wanda ko kansa ya taɓa ciwo. Abin da ban taɓa tsayawa na tuna ba shi ne ɗakin Innata na jinka ne, ƙofarsa asabari, iska tana shiga ta sama ta fita ta ƙasa yadda ta ga dama. Ni kuma na ɗauki kaskon Innata na shiga da shi ɗaki mai silin da gilashi da ƙofar ƙarfe. Kaskon bai canza ba. Ɗakin ne ya canza.

Ki riƙe wannan. In wata babba ta ce miki haka muka tashi muna yi, ba ƙarya ta yi ba. Amma ki ɗaga kai ki dubi rufin da ke kanki.

Ɗarin bara gawayi ya yi tsada, kin sani. Buhu ya fi ƙarfinmu, sai dai a ƙulla mana a leda. Na ga ɗan abin da nake sa wa a kasko ba ya kai asuba, ɗaki yana hucewa. Sai na yi dabara, har ina jin daɗin kaina. Na kwaso ƙyallayen da ke zuba a ƙarƙashin keken ɗinkinsa, na cusa a ƙasan ƙofa, na bi gefen taga da wuƙa ina tura su cikin kowace kafa. Akwai 'yar huda a saman bango da magina suka bari don iska, na hau turmi na toshe ta da guntun atamfa. Ɗaki ya riƙe ɗumi kuwa. Gawayin kwana ɗaya ya koma yana yin kwana biyu. Ni ina kwana a tsohon ɗakina na ƙasa da bargo biyu, don gawayin ba zai ishi kasko biyu ba, shi kuma ke da ƙirji. Wallahi don shi na yi.

Kuma an yi mini gargaɗi, ban gane ba. Kwanaki a jere yana tashi da ciwon kai. Wata safiya na kai masa koko na tarar ya dafe goshi a bakin gado.

Ya ce, "Hajara, kaina kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Da na miƙe sai da na riƙe bango."

Na ce, "Tabaran nan ne. Tun yaushe nake cewa ka canza? Ka yini kana zura zare a allura."

Ya ce, "To me ya sa in na isa shago sai ya sake ni?"

Na ce, "Saboda can abokan hira suke. Ciwon naka ni kaɗai yake gani."

Ya yi dariya. Na ba shi farasitamol biyu ya sha da koko ya fita. Ya faɗa mini amsar da bakinsa, Zulai. In ya fita iska ciwon yana tafiya. Ni kuma na mayar da maganar wasa.

Saboda haka, duk ranar da kika tashi da ciwon kai, ko jiri, ko tashin zuciya, ko kika ga ke da mijinki kun tashi da kasala iri ɗaya, kada ki nemi magani tukuna. Ki buɗe ƙofa ki fita da yaro waje. In kin ga yaro ya yi barci fiye da yadda ya saba, an taɓa shi bai motsa sosai ba, ya ƙi kama nono, kada ki ce yaron kirki ne ba ya rigima. Ki fito da shi iska, ki hau mashin ku tafi asibiti, ki gaya musu akwai garwashi a ɗakin. In ya zama ba komai, sai a yi miki dariya ki dawo gida da ɗanki.

Ranar ƙarshe sanyi ya fi na kullum. Bayan isha'i na ƙara gawayin a kan yadda na saba, na fifita shi har ya yi ja, na shiga da shi. Kyanwar ta riga ni shiga. Yana kwance ya ja bargo har wuya, ya ce, "Ki bar ƙofar kaɗan, ko baƙuwar nan za ta so fita."

Na ce, "Ta riƙe har safe. Ba zan sayi gawayi in ɗumama unguwa ba."

Ya ce, "Ke dai ko masu wuta ba su kai ki rowa ba. Sai da safe."

Na ja ƙofar, na durƙusa daga waje na tura ƙyallayen da yatsana har suka zauna. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Da asuba ban ji ƙarar butarsa ba, na ce sanyi ne ya danne shi. Sai da aka idar da salla maƙwabcinmu da suke tafiya masallaci tare ya yi sallama yana tambaya ko lafiya. Sauran kin sani.

Bayan na fita takaba na je wurin Malama Talatu, maƙwabciyarmu da ke aikin asibiti. Ban ce ni ce ba, na ce wata ce a garinmu. Ta ce mini garwashi ko babu hayaƙi yana cin iskar ɗaki, yana kuma fitar da wani abu da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ba ya shaƙe mutum ya farka ya yi ihu, barci yake ƙara masa. Ta ce ƙaramin jiki shi yake fara kayarwa. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ki gaya wa matar nan Allah ya ga niyyarta." Na san ta gane. Ba ta sake tayar da maganar ba, Allah ya saka mata.

Yanzu kin san dalilin abin da ya faru a jegonki. Kin tuna ranar da Gwaggonku Hajo ta hura kasko za ta shigar miki, na tare bakin ƙofa na ce ba za a shiga da shi ba. Ta ce, "Hajara, rowar gawayin har da jikanki? Mai jego a ɗaki ba wuta, a ina aka taɓa yi?" Mata suka yi ta magana. Na ji ki kina kuka a ciki, kin ɗauka ban damu da ke ba ne. Na gwammace ki ƙullace ni. Na sauko da 'yar Kano daga kan sif, in akwai wuta in kunna ina zaune ina kallonta, in babu in dafa ruwa in ɗura a jarka in naɗe da zane in sa miki a ƙafa. Ko ba ki lura ba, duk daren arba'in ɗin nan tagar ɗakin ba ta taɓa rufuwa duka ba. Kuma ga ku nan, ba abin da sanyi ya yi muku.

Abin da ke hana ni barci shi ne ɗakinki na Rogo. Kin tuna zuwana farkon ɗarin bara, kafin rasuwar. Na zauna a bakin gadonki na ji iska tana shigowa ta taga, na ce miki, "Wannan ai sai ku ƙare da mura. Ki ce wa mijinki ya samo leda mai kauri ya rufe." Shi kuma Malam Sabi'u, don ya girmama maganata, bai yi aikin wasa ba. Ya ninka ledar, ya bi ta da katako, ya jera ƙusoshi. Har kika kira ni a waya kina cewa ko sauro ba ya samun hanya. Ni na sa aka rufe tagar nan. Ɗakinki ma silin ne da ƙofar ƙarfe. Shi ya sa bayan rasuwar duk wayar da muka yi sai na tambaye ki ko kina sa kasko, har kika ce, "Inna, wai me ya haɗa ki da kasko ne?" A lokacin ku biyu ne, matasa, bargo ya ishe ku. Yanzu akwai jariri, kuma ba gidan da za a ga jariri da ɗari a ƙi kawo wuta.

Surukarki Gwaggo Mairo mutuniyar kirki ce, ta riƙe ki kamar 'yarta. Saboda kirkin nata nake tsoro. Na tabbata daren farko za ta hura gawayi mai kyau, ta fifita shi har ya yi ja, ta shigo miki da shi da kanta, ta ja muku ƙofa. Ita ma a ɗakin jinka ta yi nata jegon. Kada ki yi mata musu, kada ki ce a asibiti aka ce, za ta ji kamar kin raina ta. Ki durƙusa ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya. Ki ce, "Gwaggo, bari mu ji ɗuminsa a nan bakin ƙofa tare da ke." Ku ji ɗumin a baranda, ƙofa a buɗe. In za a kwanta ki fitar da shi tsakar gida ki zuba masa ruwa. In ta matsa, ki ce Innata ce ta haɗa ni da Allah. Ki ɗora laifin a kaina, na saba. In ta ƙara matsawa, ki karanta mata takardar nan daga farko. Na yarda Rogo duka ta san abin da na yi, in dai za ku wayi gari.

Ranar suna mijinki ya zo da kwalin hitarsa yana nuna wa Yayanku a zaure. Ina bayan labule ina jin su. Yana cewa ya yi lissafi, ta fi gawayi sauƙi nesa ba kusa ba, in dai ɗaki ɗaya za a ɗumama kuma ba a bar ta tana ci har safe ba. Gaskiya ya faɗa. Sai na ji ya ƙara da cewa in an ɗauke wuta zai tayar da ɗan injin wutarsa, yana shigar da shi lungun da ke jikin ɗakinku saboda ɓarayi. Hayaƙin inji da garwashi duk abu ɗaya suke fitarwa, haka Malama Talatu ta ce. Na kama labulen zan ɗaga, sai kunyar surukuta ta riƙe ni. Tun da aka ɗaura aurenku ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ce kawai daga nesa. Na tsaya har suka tashi. Wannan ma kuskure ne, kuma na jiya jiyan nan ne, ba tsoho ba.

Ke ba surukarsa ba ce, matarsa ce. Ki gaya masa. Inji a waje, nesa da taga, ko ɓarayi za su ɗauka su ɗauka. Ku yi amfani da hitar, ku kunna ta da yamma ɗaki ya yi ɗumi, ku kashe kafin barci. In babu wuta, ki sa wa yaro hula da safa da rigar sanyi, ki kwantar da shi kusa da ke, kada ki rufe masa fuska. Kuɗin da hitar za ta rage muku alheri ne, ku sayi bargo da shi. Amma duk dabarar da za ta rage kuɗi ta hanyar toshe iska, ki bar ta. Sanyin ɗakin da aka bar wa kafa mura yake sawa, mura kuma ana warkewa.

Yaron nan sunan Babanku ya ci. Ban iya kiran sunan, sai dai in ce maigidana. Da kika miƙo mini shi a bakin mota na ga ya yamutsa goshi kamar yadda mai sunan yake yi in zare ya ƙi shiga allura. Na riga na ja wa mai sunan nan ƙofa sau ɗaya. Kada ki bari a sake.

Ban gaya wa Yayanku ba. Shi ya gyara ɗakin, shi ya sayo hitar, ina tsoron ya ce da bai buga silin ba da ba haka ba. Ki bar mini wannan, ni zan faɗa masa da bakina in Allah ya ba ni ƙarfi. In kin ji haushina, ki ji, hakkinki ne, ubanki ne. Amma ki fara cire ledar, sannan ki ji haushin.

Ki gaishe mini da Gwaggo Mairo da kyau, ki ce na gode da gyaɗar da ta aiko. Ki gaishe da mijinki. Allah ya tsare ku da dare, ya tsare ku da rana. Allah ya raya mini maigidana, ya sa ya yi tsawon ran da ya fi na mai sunansa. Allah ya jiƙan Babanku, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini. Allah ya tashe ku lafiya kowace safiya.

Innarki.

Ki kira ni in an cire, ko da ƙarfe nawa ne, wayar tana ƙarƙashin matashina. Ni ma ƙyallayen da na tura a tagar Babanku suna nan yadda na sa su, har da guntun atamfar da ke saman bango. Na ɗauko turmi sau da yawa na ajiye a ƙarƙashin hudar. Har yau ban hau ba.